Sunan Baba a Cikin Akwati

Ni dai ban taɓa son akwatin nan ba, tun ranar da aka shigo da shi. Bayan an gama babban yaƙin Turawa da 'yan shekaru ne, muna zaune a Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato, sai aka zo aka kakkafa itatuwa a bakin hanya, aka jawo waya tun daga gidan rediyo, ta haura katangarmu ta shiga ɗakina. Akwatin katako ne mai raga a gaba, da maɓalli ɗaya tak. In ka murɗa dama ya ɗaga murya, in ka murɗa hagu ya sassauta. Iyakar ikonka ke nan. Abin da zai faɗa da lokacin da zai faɗe shi, wannan na masu mulki ne. Ba irin na yanzu ba ne da jikokina ke murɗawa su kamo duk inda suka ga dama.

Mutane a zaure suke rataye nasu. Namu a ɗakina aka sa shi, don maigidana shi ne mai karanta labarai da Hausa a gidan rediyon, ya kuma ce so yake in riƙa jin sa. Kullum in ya dawo, kafin ya tuɓe riga, sai ya leƙo ya ce, "Ɗiyar Malam, kin ji ni yau?" Ni kuwa in ce ina fa na ji, ina can ina daka. Ƙarya nake yi. Ko tuwo nake tuƙawa sai na bar shi na zo na tsaya a bakin ƙofa, shi ma ya san haka.

Ɗan manoma ne daga Wamakko. Ya zo birni neman karatu, ya zauna a gaban mahaifina shekara da shekaru, har Baba ya yaba da shi ya ba shi ni. Kada wani ya ce dole aka yi mini, ni ma ina so, na daɗe ina jin muryarsa daga cikin gida in yana biya karatu. Muryar nan ce ta kai shi gidan rediyo, bayan ya tsinci boko a wurin wani abokinsa. Da ya je ya shaida wa Baba an ɗauke shi aiki, Baba bai hana ba, bai kuma sa albarka da baki ba. Ya dube shi kawai ya ce ya buɗe littafi su ci gaba daga inda suka tsaya.

Sai na yi wa yaran yanzu bayani, don na ga alkunya ta yi ƙaranci. A lokacinmu mutum ba ya kama sunan surukinsa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, takalmi ma tun daga nesa yake tuɓe shi. Balle maigidana da abin ya zame masa biyu, ga surukuta ga malanta. Akwai wani mahauci a Gawon Nama mai suna irin na Baba, maigida ya fi shekara yana sayen nama a wurinsa bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai sunan Malam". Ko a wurin aiki, in labari ya zo da wani mai irin sunan, sai ya tura wa abokin aikinsa, wani Bakano, ya karanta. Kowa a garin ya san wannan, ana ma yi masa ba'a da shi. Ni kaina har yau da nake rubutun nan ba za ku ga sunan mijina ba, ba kuwa za ku ga na ɗiyata ta fari ba.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi gardama. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa. Gero ya fid da kai ba ƙwaya. Dangin maigida na Wamakko suna shigowa birni, ba sai sun yi magana ba, fuskarsu ta isa. Amma kowace la'asar sai in ji muryar mijina a akwati tana cewa abinci ya wadata a ƙasa, kowa ya fito da hatsinsa kasuwa, a kuma ƙara gonar gyaɗa baɗi. In ya dawo sai in tare shi da faɗa, in ce wane abinci, ko bai ga ƙanen babansa ba jiya da wuya kamar igiyar guga? Sai ya ce in yi haƙuri, takarda ake miƙo masa da sa hannun Bature, ba ya da ikon ƙara kalma ko rage ta. Baturen nan yana jin Hausa sarai, yana zaune a bayan gilashi yana bin takardar da yatsa, hannunsa ɗaya a kan abin kashe magana.

Baba kuwa yana karatunsa a zaure bayan la'asar, kamar yadda ya gada. Manyan mutane ne ke zuwa, 'yan kasuwa da masu sana'a, da manoma in sun shigo gari. Wata rana wani dattijo ya tambaye shi, ya ce akwati ya ce a sayar da hatsi, shi kuma ɗan abin da ya rage masa a rumbu bai taka kara ya karya ba, ya sayar ko ya bari? Baba ba mai yawan magana ba ne. Cewa ya yi, "Akwati ba shi da bakin kainai. Abin da mai shi ya zuba mishi, shi yaka hwaɗi. Bar geronka inda yake." Daga nan ya koma kan littafinsa.

Wanda ya kwashi maganar ya kai, Allah ya san shi, ni ban sani ba. Ba a yi mako biyu ba maigida ya dawo mini wata rana bai tambaye ni ko na ji shi ba. Na kawo tuwo, ya wanke hannu ya zauna yana kallon kwanon. Na ce lafiya? Sai ya ce hukuma ta yanke a rufe karatun Malam sai yadda hali ya yi, kuma za a sanar a akwati, don kada wani ya ce bai ji ba. Na daure na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, Baba ya ga abin da ya fi wannan. Ya ɗago kai ya ce ban gane ba. Shi aka ce ya karanta, da sunan Malam da na mahaifin Malam, ƙarara.

Na ce to mene ne amfanin Bakanon? Ya ce ai nan ya fara. Bature ya ce a'a, ya lura mutanen Sakkwato in sun ji magana da Kananci sai su ce zancen baƙi ne su yi gaba, wannan kuwa so ake ta shiga kunne, saboda haka ɗan gari zai faɗe ta. Maigida ya cire kunya ya gaya masa cewa mutumin surukinsa ne. Bature ya ce madalla, hakan ma ya fi, mutane za su ga hukuma ba ta da ɗan lele. Ya roƙa a bar shi ya ce "Malam na Ƙofar Kware" kawai. Bature ya tambaye shi malamai nawa ne a Ƙofar Kware. Daga ƙarshe ya nuna masa cewa in ya ƙi, za a ɗauka bakinsu ɗaya da surukin nasa, kuma abin ba zai tsaya kan rufe zaure ba, ana iya cewa Malam ya bar garin. Ko gaskiya ce ko barazana ce, har yau ban sani ba.

Magana ba ta kwana a Sakkwato. Washegari da hantsi sai ga yayana, wanda muke ciki ɗaya. Mutum ne mai zafin kai, dama can bai taɓa ƙaunar aikin nan ba, "ɗan akwati" yake kiran mijina a bayan idonsa. Ko zama bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce in buɗe kunnena da kyau, ranar da sunan Baba ya fito daga bakin mutumin nan, ranar zan kwashe kayana, don gidanmu ba a taɓa zama da wanda ya kama sunan uban matarsa a bainar jama'a ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. Na ce Yaya, tilasta shi aka yi. Ya ce wuƙa aka sa masa a wuya? Ya kaɗa riga ya fita.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina goyon ɗiyata ta fari, ba a yaye ta ba. Na san in aure ya mutu, ana yaye ta dangin uba za su zo su ɗauke ta zuwa Wamakko, a cikin shekarar da su kansu ba su da abin kai wa baki. Ban da wannan ma, ina son mijina, ban ga dalilin ɓoyewa ba yanzu da na tsufa. In na dubi akwatin a bango sai in ji kamar in sa taɓarya in farfasa shi, sai in tuna kayan hukuma ne, wata fitinar ce kuma daban.

Na nemi izini na tafi gida wurin Inna. Na ce mata don Allah ta shiga wurin Baba ta samo mana kalma ɗaya. In ya ce a karanta, Yaya ba shi da ta cewa. In ya ce kada a karanta, maigida zai ajiye aikin ko me zai biyo baya, ni na san shi. Inna ta yi ta juya maganar, ta ce tun da take ba ta taɓa shiga tsakanin Malam da ɗalibansa ba. Na yi ta kuka har ta gaji ta tashi. Ba ta daɗe ba ta fito. Wai ya ce ba shi ya ɗauki yaron aiki ba, ba kuwa shi zai gaya masa yadda zai yi aikinsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Inna wannan wace irin magana ce, aurena fa ake yi wa wasa. Ta ce in rufe mata baki, a gidan ubana nake.

Ranar da za a karanta, maigida ya sa farar rigarsa ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana gyara hula, ya gyara ya sake gyarawa. Na tambaye shi me ya yanke.

"Ban sani ba, ɗiyar Malam," in ji shi.

Na so in ce masa ya karanta, don kada a kori Baba daga garin da aka binne kakanninsa. Na so in ce kada ya karanta, don kada a raba ni da shi. Duka biyun suna bakina, na kasa zaɓar ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne Allah shi kiyaye hanya.

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Na ɗora miya na manta da ita har ta kama. Yarinya ta yi ta rigima, ina jin ta ji a jikina ne. Da azahar ta wuce sai maƙwabta suka fara shigowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo neman daddawa, kowace in ta karɓi abin da ta zo nema sai ta nemi wuri ta zauna. Su da ba su da akwati a cikin gida, nawa suka zo ji, da fuskata suka zo kallo. Na so in kore su, sai na ga in na yi haka na ba su abin faɗa tun kafin a fara.

Bayan la'asar akwati ya yi ƙararsa ta kullum, aka ɗan sa kiɗa, sannan muryarsa ta fito. Ya yi sallama, ya karanta labarin wata gada da aka gyara, da na allurar shanu, da na zuwan wani babban Bature. Ni da na san muryar nan na ji ba daidai take ba, sauri yake yi kamar ana korarsa. Sai ya yi gyaran murya ya ce ga sanarwa daga hukuma. Ya karanta cewa an hana taron karatu a wani zaure a Ƙofar Kware, saboda an yi maganganun da za su rikita talakawa. Ya ce, "Zauren na…" sai ya tsaya.

Shirun nan duk garin ya ji shi. An ce a Gawon Nama, inda aka rataye babban akwati a kan itace, har masu awo sun tsaya da kwano a hannu. Ni numfashinsa nake ji ta cikin raga. Na ƙanƙame yarinya har ta yi ƙara. A raina ina cewa kada ka faɗa, ina kuma cewa faɗi mana ka huta.

Ya faɗa. Sunan Baba da na kakana, a fili, bai haɗiye ko harafi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sunan ya zauna a bakinsa, ashe duk shekarun nan ban san yadda zai furta shi ba. Ya ƙarasa sanarwar, ya yi sallama, kiɗa ya dawo. Wata tsohuwa daga cikin maƙwabtan ta yi salati a hankali. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita, mai rariya ma ta manta da rariyar.

Kafin rana ta faɗi Yaya ya iso da goggonmu. Ban yi musu ba, ba ni da ƙarfin yi. Na goya yarinya na yafa zane na bi su, ko cokali ban ɗauka ba. Muka tarar da zauren Baba wayam, ba kowa sai shi a kan buzunsa da littafi a buɗe, kamar masu karatu na nan tafe. Na wuce cikin gida na tsaya a bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, inda nake laɓewa ina yarinya in saurari karatu.

Ba a jima ba sai ga maigida, daga wurin aiki kai tsaye. Ta tsagar ƙofa na hango shi ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, ya tako a ƙasa, ya durƙusa a ƙofar zaure bai shigo ba. Kansa a sunkuye. Yaya ne ya yi ta magana. Ya ce an ci mutuncin gidan nan a gaban duniya, mutumin da aka koya wa alif aka kuma ba shi ɗiya shi ne ya yi, saboda haka ya sawwaƙe wa ƙanwarsa yanzu yanzu, kowa ya kama gabansa. Na jingina da bango na gyara goyo.

Baba ya bar shi har ya gaji. Sannan ya rufe littafin ya tambaye shi, "Don mi aka rufe zauren ga?"

Yaya ya ce saboda maganar da Baba ya yi a kan akwati.

"Mi na ce?"

Yaya ya maimaita, cewa akwati ba shi da bakin kansa, abin da mai shi ya zuba masa shi yake faɗa.

"To, in na riƙe wanga da abin da ya hito cikin akwati, na ƙaryata kaina," in ji Baba. "Ba shi ya ambace ni ba. Ba shi da bakin kainai. A ce wa yarinyar ta koma ɗakinta."

Wallahi daɗi kamar ya kashe ni. Na shiga wurin Inna ina kuka ina dariya, ta ce in natsu kada in yar da 'yar mutane. Yaya ya fice fuu, ya yi wata biyu ko fi ba ya yi mini magana, ban kuwa damu ba. Aka yi sallar magariba, muka kama hanyar gida, maigida a gaba ina biye. Muna shiga na ce alhamdu lillahi, Allah ya rufa mana asiri. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Da marina Malam ya yi, da ya fi."

Haushi ya kama ni. Na ce kai kuma me kake so, an bar maka matarka da ɗiyarka, ba a kori Baba ba, aikinka na nan, sai a yi maka kiɗa? Ya juya ya kwanta. Na ɗauka gajiya ce, na ce gobe zai ware.

Yunwa dai an yi ta a shekarar, akwati bai taɓa ambatonta ba. Da aka yi girbin baɗi sai aka bar Baba ya buɗe zaurensa, wannan karon ba tare da wata sanarwa ba. Maigida ya ɗauki littafinsa ya je ya zauna a wurinsa na da. Baba ya amsa gaisuwarsa cikakkiya, har da tambayar mutanen Wamakko. Da layi ya zo kansa ya fara biyawa, sai ya tsallake sheɗara guda da gangan, shi ya gaya mini da bakinsa. Baba fa mutum ne da ko yana gyangyaɗi ba ka isa ka wuce da kuskure ba, ya sha sa mijina maimaita shafi ɗaya har rana ta faɗi. Ran nan ya bar shi ya kai ƙarshe, ya ce madalla, ya juya ga na kusa da shi.

Haka aka ci gaba har Baba ya rasu. Bai taɓa ɗaure masa fuska ba, in an yi mana haihuwa shi ke raɗa suna, in maigida ba shi da lafiya ya aiko a duba shi. Amma bai sake gyara masa karatu ba, bai kuma sake tambayarsa me ya gani a kan wata mas'ala ba, alhali da can shi yake fara tambaya. Na taɓa roƙon Inna ta yi masa magana, ta ce me za ta ce, ai bai yi wa kowa laifi ba.

Ni na samu abin da na roƙa. Na yaye ɗiyata a ɗakina, na aurar da ita daga ɗakina, muka zauna da mijina har Allah ya karɓi abinsa. Ya ci gaba da aikin har aka zo aka kwance wayoyin nan aka kwashe akwatunan. Duk tsawon shekarun, la'asar na yi nake barin abin da nake yi in zo in tsaya a bakin ƙofa in saurare shi, na kuma tanadi amsar da zan ba shi, cewa na ji, tun daga farko har ƙarshe. Yakan dawo ya yi sallama ya tuɓe riga ya nemi ruwan alwala. Bai sake tambayata ko na ji shi ba.